Me za mu kira "mini-grid" da Hausa? Ina neman taimako kafin Asabar

Hadiza: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Ranar Litinin yaran da za su taya mu tattara bayanai za su fita ƙauyukan Dukku da Nafada da Balanga a jihar Gombe, kuma mai buga takardu ya ce in ban kai masa aikin ranar Asabar da safe ba, sai wani makon. Na gama fassara takardar tambayoyin, saura kalma ɗaya da ta tsaya mini a wuya: mini-grid. Aikin na digiri na biyu ne, mu 'yan tattalin arziki da 'yan sashen kwamfuta. So muke mu gano wane irin gari ne zai iya riƙe irin wannan wuta da kuɗinsa: injin niƙa nawa gare su, masu walda nawa, wace rana kasuwa ke ci, nawa suke kashewa a man janareto. Na rubuta "ƙaramar tashar sola", amma raina bai kwanta ba.

Injiniya Bappa: Wa alaikumussalam. Gara da bai kwanta ba ƙanwata, don tasha daban, grid daban. Dadin Kowa tasha ce, megawat 40 aka tsara mata daga ruwan kogin Gongola, amma ba ita ke kai wuta ɗakin kowa ba. Wayoyi da falwayoyi da taransifoma da mita, su ne grid. Hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa ta fitar da ƙa'idar mini-grid a 2016, ta sabunta ta a 2023, kuma abin da take nufi shi ne tsarin da ke samar da wutarsa, ya rarraba wa mutane da dama, ƙarfinsa bai wuce megawat 1 ba. Sannan ki cire "sola". Ana yin sa da dizal, ana yi da ruwa, ana haɗa biyu.

Yohanna mai sola: Adda, ki ji maganan Injiniya. In kika ce sola a ƙauye, abu biyu ne zai zo kan mutum: farantin da ke kan kwanon maƙwabcinsa, ko fitilan titi da ɗan majalisa ya kafa. Na taɓa zama da wani mai injin niƙa, ina tambayansa ko zai bar dizal in an kawo sola. Ya kashe injin, ya kakkaɓe gari a hannunsa, ya ce, "Wannan da ba ya iya ta da fanka biyu ne zai juya mini dutse?" Da na ce za a sa masa mita ya riƙa biya, sai ya yi dariya, wai ai sola kyauta ake rabawa. Wutan gida kamar rijiyan gida ne, wannan kuwa tankin gari ne da aka ja wa kowa famfo. Kalman da za ki sa dole ya nuna na gari ne, kuma biya ake yi.

Usman Rediyo: Abin bai kai haka wuya ba. A labarai kullum muna cewa "babban layin wutar lantarki na ƙasa". To wannan ƙaninsa ne: "ƙaramin layin wuta". Kunnen mutane ya riga ya saba.

Injiniya Bappa: Ya saba, amma da me? In ka ce layi, mutumin Nafada zai ɗauka waya za a ja masa daga Gombe. Kuma ya san halin wannan waya. A 2024 da aka kayar da turakun layin da ya taso daga Jos, Gombe har Yola da Jalingo duk duhu muka kwana muka tashi. Ka tambaye shi nawa zai biya wa "layi", zai ba ka amsar mai jin haushi.

Malam Sa'idu: Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma abin da na gani shi ne ana neman kalmar Hausa da kalmomin Turanci. Tasha aro ce. Layi aro ce. Sola aro ce. Alhali ga kalma a ƙofar gida: saƙa. Masaƙi yana jera zare na tsaye, ya ratsa shi da na kwance, kowane zare na riƙe da ɗan'uwansa, in ɗaya ya tsinke sai ya taɓa sauran. Ba abin da Injiniya ya bayyana ke nan ba? Saƙar wuta. Ta ƙasa ita ce babbar saƙa, ta gari ƙaramar saƙa. Ga jam'i, saƙe-saƙen wuta. Ga aikatau, an saƙa wa garin wuta. Kalmar da ke haihuwa ita ce kalma.

Abba: Allah ya gafarta Malam, in aka ce wa Goggona za a kawo ƙaramar saƙa, kwarashi za ta ɗauko ta tambayi hular wa za a yi.

Malam Sa'idu: Haka aka yi wa "yanar gizo" dariya, yau ga ta a bakin kowane mai karanta labarai.

Abba: A bakin mai karanta labarai, Malam. A shagon cajin waya intanet ake cewa. "Na'ura mai ƙwaƙwalwa" ma ta daɗe a littafi, amma kwamfuta muke saya. Kuma ita lantarki ɗin, daga wane kakan muka gaje ta?

Malam Sa'idu: Shi ya sa ban sa ta ba. Wuta na ce. Ka koma ka karanta, ɗana. Kuma ku duba gaba kaɗan: dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Gobe majalisar Bauchi ko ta Gombe za ta so a bayyana wa jama'a doka da Hausa. In ba mu ajiye kalma tun yanzu ba, "minigirid" za ku ji, kuma ta zauna ke nan.

Usman Rediyo: Kafin a je nan, Hadiza, duk wadda kika zaɓa ki rubuta "wutar", kada ki bi Yohanna ki sa "wutan gida" da "rijiyan gida". Wuta mace ce. Takarda ce za ta fita da sunan jami'a.

Yohanna mai sola: To, Kano ta iso. Hamma Usman, ni da Tangale na tashi, Hausa a kasuwa na same shi, kuma da shi nake cin abinci tun kana makaranta. Ka je babban kasuwan Gombe ka ce "wutar Nepa", za a gane ka. Ka ce "wutan Nepa", za a ba ka kujera.

Usman Rediyo: Ni haifaffen Jekadafari ne, karatu kawai na yi a Kano. Daidaitacciyar Hausa ba ta Kanawa ba ce, ta rubutu ce.

Malam Sa'idu: A rubutu Usman ya yi gaskiya, "wutar" za a sa. Amma kada a mayar da bakin mutanen Bauchi da Gombe kuskure. Kari ne, kamar yadda Sakkwatanci kari ne. Abin da ke ba ni haushi shi ne duk sabuwar kalma sai mun jira ta fito daga Kano ko daga wani gidan rediyo na Ingila ko Jamus kafin mu yarda da ita. Da a can aka ce "saƙar wuta", da yanzu Abba yana koya wa Goggonsa.

Abba: Wannan kam Malam ya same ni.

Dokta Jummai: Yarinya tana da Asabar a gabanta, kun tsaya rabon gadon Hausa. Hadiza, wannan takarda ba karanta ta mutane za su yi ba, karanta musu za a yi. A Dukku da Nafada da yawa za su amsa da Fulatanci, a Balanga wasu da Waja. Sabuwar kalma, komai kyanta, tana nufin kowane yaro zai bayyana ta yadda ya ga dama, sai ki dawo da amsoshin tambayoyi daban-daban a ƙarƙashin lamba ɗaya.

Abba: Nan ne ya shafe mu. Mu 'yan sashen kwamfuta abin da aka zuba mana shi muke ba kwamfuta ta yi hasashen wutar da gari zai ja a kowace awa. Kuma rana muke nema, ba dare ba. Faranti da tsakar rana yake cika aiki, batir kuwa yana cikin abin da ya fi cin kuɗi. Garin da ba ya kunna komai sai ƙwan fitila da talabijin bayan magariba, dole a tara masa wuta a batir, farashi ya hau. Garin da ke da masu niƙa da walda da masu ƙanƙara da rana, su ke sauƙaƙa wa kowa. In mai niƙa ya ce "a'a" don ya ɗauka farantin kan kwano ake nufi, kwamfuta ba ta san haka ba. Za ta ce garin ba zai iya ba, alhali shi ne ya fi cancanta.

Injiniya Bappa: To a ce "wutar gari mai zaman kanta". Ga gari, ga nuna ba ta jingina da ta ƙasa ba.

Yohanna mai sola: Injiniya, ka tura saurayi ya tsaya gaban dattawa a ƙofan fada ya ce za a kawo musu "mai zaman kanta"?

Usman Rediyo: Hukumar zaɓe ma mai zaman kanta ce, ba wanda ya taɓa dariya.

Yohanna mai sola: A rediyo ba ka jin dariyan masu sauraro.

Dokta Jummai: A bar ta. Kuma ba daidai ba ce gaba ɗaya, tunda ƙa'idar NERC ɗin ta san iri biyu, wanda ke tsaye shi kaɗai da wanda aka jona da layin kamfanin rarraba wuta. Ki ɗauki ta Usman ki ƙara mata "na gari", sannan ki rubuta jimla ɗaya da kowane yaro zai karanta ba ƙari ba ragi.

Hadiza: Ga abin da na rubuta, a duba mini: "Ƙaramin layin wuta na gari, wato wutar da ake samarwa a nan garin, a ja wa gidaje da shaguna da waya, kowa da mitarsa, yana biyan abin da ya sha. Tana iya ɗaukar injin niƙa da walda."

Injiniya Bappa: Jimlar ƙarshe ki ce "irin wadda za ta iya ɗaukar", don ba kowanne ke iyawa ba. "Layi" har yanzu bai yi mini ba, amma bayanin ya rufe.

Malam Sa'idu: Kalma aka nema, an tashi da sakin layi guda. Hadiza, aƙalla ki sa "saƙar wuta" a jerin kalmomin da ke ƙarshen kundinki, da bayanin cewa an ba da shawararta.

Hadiza: Zan kai wa mai duba aikina, Baba. In ya yarda zan sa.

Malam Sa'idu: In bai yarda ba ki ba ni lambarsa. Ni dai ɗalibaina saƙar wuta za su ji daga bakina.