Na'urar da ke kula da famfo da fitilun gidana ta ƙi tashi bayan sabunta manhaja: ta ina zan fara?

Mai Kaji, daga Roni:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana kafin in taɓa wani abu, domin ina tsoron kada garin neman gira in rasa ido.

Gidana yana wani ƙauye a ƙaramar hukumar Roni, kuma da yake wutar lantarki ba ta iso mu ba, da sola muke yin komai. Shekara biyu ke nan na haɗa manhajar Home Assistant, mai kunna kayan wutar gida da kashe su da kanta, a kan ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi 4, wadda ke aiki da katin memori, tare da makunnai shida da sandar Zigbee, wato 'yar na'urar da ke haɗa kwamfutar da makunnan ba tare da waya ba. Ita ce take kunna sumon rijiyar burtsatse da ƙarfe goma na safe idan rana ta yi ƙarfi, ta kashe shi idan tanki ya cika. Ita ce kuma take kunna fitilun ɗakin kaji da ƙarfe huɗu na asuba, domin masu ƙwai su samu hasken awa 14 zuwa 16 da suke bukata a rana, sannan ta kunna fitilun tsakar gida da magariba.

Daren Laraba bayan isha'i na ga sanarwar cewa sabon zubin manhajar ya fito, sai na danna sabuntawa na tafi na kwanta. Abin da ban yi la'akari da shi ba shi ne, kwana uku ana hazo, ƙura ta lulluɓe faifan sola, batir bai cika ba. Cikin dare inbata ta yi kukanta ta ɗauke wuta, kuma ina kyautata zaton a lokacin aikin bai kammala ba, saboda intanet ɗinmu na waya ne, tafiyar hawainiya yake yi. Da rana ta fito wuta ta dawo, jar fitilar na'urar ta kama, koriyar ta yi ƙifce-ƙifce ta tsaya, amma shafin ya ƙi buɗewa a waya da kwamfuta.

Yau kwana biyu yara suna ɗebo ruwa daga rijiyar maƙwabta, ga rijiyar burtsatse a cikin gida. Na zare katin na sa a kwamfutata mai Windows, sai ta ce in yarda ta goge shi ta sake tsara shi kafin a iya amfani da shi. Ban yarda ba tukuna. Shin in yarda in fara komai daga farko, ko akwai hanyar ceto abin da ke ciki?

Ɗan Bichi:

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yarda. Wannan saƙon ba shaida ba ne cewa katin ya mutu. An raba katin gida-gida, kuma ɓangaren da bayananka suke, mai suna hassos-data, an tsara shi da tsarin ext4 na Linux, wanda Windows ba ta iya karantawa, don haka ko lafiyayyen kati ka sa mata abin da za ta ce ke nan. Danna amincewa ne kawai zai mayar da ƙaramar matsala babba.

Abin da ya kamata ka fara tantancewa shi ne wane ɓangare ne ya tsaya, domin abin da muke kira na'ura ɗaya hawa-hawa ne. Akwai tsarin aiki a ƙasa, akwai mai sa ido da ake kira Supervisor a tsakiya, sannan ainihin manhajar, wato Core, a sama. Ka mayar da katin, ka kunna, ka ba shi kamar minti ashirin, sannan ka rubuta adireshin na'urar a waya, amma maimakon lambar 8123 da ka saba sawa a ƙarshe, ka sa 4357. Idan wani ɗan shafi ya buɗe yana nuna halin da Supervisor yake ciki, to ginshiƙin yana nan, Core ne kaɗai ya faɗi. Ka kuma leƙa cikin rauta ka ga ko adireshin ya canza bayan ɗaukewar wutar, domin na sha ganin mutum ya yi kwanaki yana makokin na'urar da ke aiki lafiya lau a wani adireshin.

Idan ba abin da ya buɗe, ka haɗa na'urar da talabijin ta wayar HDMI, mai ƙaramin kai irin wadda Raspberry Pi 4 take karɓa, ka sa kibod. Idan ka ga wurin rubuta umarni, `ha core logs` zai nuna maka abin da ya hana manhajar tashi, `ha core update --version` tare da lambar tsohon zubin kuma zai mayar da kai inda kake a da. Idan tsarin aikin ne ka sabunta, shi yana da mazauni biyu, A da B: ana rubuta sabo a ɗaya yayin da tsoho yake zaune a ɗayan, kuma idan sabon ya kasa tashi na'urar takan koma tsohon da kanta. Shi ya sa na fi zargin ɓangaren bayanai, wanda ba shi da tagwai, kuma shi ake ta rubutu a kansa lokacin da wuta ta ɗauke.

Shawarar da zan ba ka, ko da yake za ta ci kuɗin kati guda, ita ce kada ka yi gyara a kan tsohon katin. Ka samu kwamfuta mai Linux, ko ka tayar da taka da Ubuntu, wani nau'in Linux, daga filashi ba tare da ka girka shi ba, ka buɗe hassos-data, ka shiga babban fayil mai suna supervisor. A ciki akwai backup, inda kwafin ajiya suke, masu ƙarewa da .tar, akwai kuma homeassistant, inda saitunanka suke, har da ɓoyayyen fayil mai suna .storage wanda mutane suke mantawa da shi, alhali a nan ne jerin na'urori da masu amfani yake. Ka kwashe su duka zuwa wani wuri. Bayan haka ka rubuta sabon tsari a kan sabon kati da manhajar Raspberry Pi Imager, kuma a shafin farko da zai tarbe ka, ka zaɓi maido da kwafin ajiya maimakon buɗe sabon gida. Tashin farko yana bukatar intanet domin sauke Core, saboda haka ka yi shi da hantsi, batir yana cike, data tana nan wadatacciya.

Mai Wayarin, daga Kazaure:

Injiniya Ɗan Bichi ya yi bayani mai gamsarwa a fanninsa, amma ni abin da ya tsaya mini a rai ruwan ne. Alhaji, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa: ba daidai ba ne a ce katin da bai kai farcen babban yatsa ba ya hana gida guda ruwa kwana biyu. Laifin nan na haɗin waya ne tun daga farko, kuma ana iya gyara shi yau, tun kafin a kai ga maganar kwamfuta.

Yawancin waɗannan makunnai suna da maɓalli a jikinsu, wanda idan ka danna sau ɗaya ka saki zai kunna ko ya kashe ko babu kwamfuta. Ka gwada wannan, amma ka tsaya a wurin ka kashe da kanka idan tanki ya cika. Gyara na dindindin kuwa shi ne a sa kwantakta, wato babban makunni mai ɗaukar nauyin wuta wanda ƙaramin yake kunnawa, tsakanin makunnin da sumo, domin injin famfo yana jan wuta ninkin-ba-ninkin a lokacin da yake tashi, ƙaramin makunni kuma ba ya daɗewa a kan irin wannan nauyi. A gefen kwantaktar a sa makunnin hannu mai matsayi uku, wato hannu, kashe, da na'ura. Makunnin nan mai yawo a saman ruwan tanki shi ma a haɗa shi kai tsaye cikin wayar da ke jan kwantakta, yadda ko kwamfuta ta mutu tana tsakiyar ba da umarni, tanki ba zai yi ambaliya ba.

Sai kuma wutar ita kanta kwamfutar. Raspberry Pi 4 tana son bolt 5.1 da amfiya 3, kuma idan ƙarfin ya sauka ƙasa da kusan bolt 4.63 jar fitilar takan mutu ko ta yi ƙifce. Ni a gidajen sola ba na barin ta a bayan inbata. Ina sa ƙaramin mai rage ƙarfin wuta daga batir kai tsaye, da fis ɗinsa, in haɗa rauta a kai, saboda abin da su biyun suke ci bai taka kara ya karya ba, kuma inbata ta ɗauke ko ta dawo ba ruwansu. A wannan hunturu kuma a riƙa goge faifan sola da sassafe, aikin yaro ɗaya ne da tsumma.

Malama, daga Ringim:

Ina da ƙari biyu a kan bayanin Injiniya, domin dukansu sun taɓa cin ni. Na farko, tun daga zubin 2025.1 manhajar takan kulle kwafin ajiya da wani dogon mabuɗi, kuma takan ba mutum damar sauke takardar da ke ɗauke da shi a ranar da ya saita ajiyar. Idan naka a kulle yake, sai da mabuɗin zai buɗe, don haka ka bincika wurin da wayarka take tara abubuwan da aka sauke tun kafin ka fara.

Na biyu, Malam, ka gargaɗi mutanen gida kada kowa ya danne maɓallin makunnan ya daɗe a kai, domin dogon danni yakan sa makunni ya manta gidansu, sai an sake haɗa shi da sandar. Muddin sandar Zigbee ɗin ita ce dai ta da, kuma ka maido da saitunan, makunnan za su dawo da kansu sannu a hankali. Ni yanzu ba na karɓar zubin farkon wata mai ƙarewa da sifili, sai na jira gyare-gyaren da ke biyo bayansa, kuma kwafin ajiya ba ya kwana a kati ɗaya da abin da ake ajiyewa.

Mai Kaji, daga Roni:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Ga yadda ta kaya.

Maɓallin jikin makunni na fara gwadawa, kuma sumo ya tashi nan take. Na tsaya ina jin ƙarar ruwa yana zuba cikin tanki, uwargida tana bakin ƙofa tana kallona ba ta ce komai ba, kuma na fahimci abin da shirun yake nufi.

Lambar 4357 ba ta buɗe ba. A talabijin kuwa rubutu ya yi ta gudu har ya tsaya a kan kuskuren da ya shafi ɓangaren bayanai, kamar yadda Injiniya ya yi zato. Ranar Asabar na shiga Kazaure wurin ƙanina mai kwamfuta, muka tayar da Ubuntu daga filashi. Katin ya buɗe da ƙyar, wasu fayiloli sun ƙi kwafuwa, ciki har da home-assistant_v2.db mai riƙe da tarihin ma'aunai, amma kwafin ajiyar da aka yi dab da fara sabuntawar ya fito lafiya. A kulle yake kamar yadda Malama ta faɗa, kuma na samu takardar mabuɗin a tsohuwar wayata da na bar wa ɗana, cikin hotuna da karatuttukan da ya tara. Da ya goge ta, da sai dai in dogara da fayilolin saitunan da muka kwashe.

Jiya da hantsi na maido da komai a sabon kati. Makunnai biyar sun dawo kafin azahar. Na shida, na ɗakin kaji, yaron da ke kula da su ya riga ya danne shi tun ranar Alhamis yana neman haske, don haka shi kaɗai na sake haɗawa, na gyara sunansa a cikin umarnin asuba. Yau da ƙarfe huɗu fitilun sun kama.

Tsohon katin na nannaɗe shi a takarda na ajiye, ban goge shi ba. Malam Mai Wayarin, sumon nawa mai ƙarfin doki ɗaya ne, kuma batirina bolt 24 ne. Wace irin kwantakta zan nema, kuma fis mai amfiya nawa zan sa a gaban mai rage ƙarfin wutar? Ranar Laraba zan shiga Kano, ina so in sayo su gaba ɗaya a Sabon Gari.