Amsa-kuwwa da rugugin bes a ɗakin sauraren kiɗa: ta ina zan fara?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum. Na ware ɗaki a gidana don sauraren kiɗa, tsawonsa mita 5, faɗinsa mita 4, tsayinsa mita 2.7, bangon siminti ne, ƙasa kuma tayil. Idan na tafa hannu sai ƙarar ta riƙa kai da komowa tsakanin bango biyu, sannan sauti mai kauri, wato bes, yana rugugi a kusurwa amma ya kusan ɓacewa a tsakiyar ɗakin. Niyyata in lulluɓe bangon duka da soso mai kaurin santimita 5. Shin hakan zai wadatar?

Mai Gyaran Sauti:
Wa alaikumus salam. Malam, ka dakata da sayen soson tukuna, domin matsala biyu ce ka kawo, soson kuwa ɗaya kawai zai taɓa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, saboda haka ɗaki mai tsawon mita 5 yana kumbura sautin da ke kusa da hatz 34 (hatz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya), faɗin mita 4 kuma na kusa da hatz 43, kuma a daidai tsakiya kowane ɗaya daga waɗannan sautuka da amsa-kuwwarsa da ke dawowa daga bango ke soke juna, abin da ya sa bes ya ɓace maka a can. Soso mai santimita 5 siraran sautuka yake shanyewa sosai, ya bar rugugin yadda yake, sai ɗakin ya koma dishi-dishi, wanda a ganina ya fi yadda yake yanzu muni. Ka fara da abin da ba ya cin kuɗi: ka janye kujera daga tsakiya zuwa kimanin mita 1.9 daga bangon gaba, ka jera lasifiku biyu yadda nisansu da juna zai yi daidai da nisan kowannensu da kanka.

Kunnen Ƙashi:
Ina goyon bayan wannan. Bayan haka, ka zauna a kujerar, wani ya ja madubi a jikin bangon gefe. Duk inda ka hango lasifika a cikin madubin, nan sauti ke fara bugawa ya dawo kunnenka. A nan za ka rataya allon audugar dutse (wato rockwool, zare mai kama da auduga da ake yi da narkakken dutse) mai kaurin santimita 10, lulluɓe da yadin da iska ke ratsawa, ka bar ɗan rata tsakaninsa da bango. Rufi ma yana buƙatar irinsa, ƙasa kuma darduma mai kauri. A kusurwoyi huɗu bes ke taruwa, sai ka cike su da audugar dutsen, kuma a can kauri ne ya fi amfani.

Mai Gyaran Sauti:
Ƙari ɗaya: ka auna ɗakin kafin aikin da bayansa da manhajar awon sautin ɗaki mai suna REW, wadda kyauta ce, tare da makirufo na awo. Kuma kada ka sa ran waɗannan alluna za su hana maƙwabta jin kiɗanka, wannan aikin bango mai nauyi ne da toshe kafofin ƙofa da taga.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai, malamai. Na matsar da kujerar yanzu, bes ya dawo. Ƙofar ɗakin tana cikin ɗaya daga kusurwoyin baya. Shin cike sauran ukun zai isa?