Ƙotar bindiga: yaya ake fentin da ba ya ɓarewa, ba ya santsi?

Ɗan Baushe: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Bara na yi wa ƙotar adakata baƙin fenti, ta fito fes. Damina na kankama, gumi da raɓa suka mai da ita kamar tarwaɗa a hannu. Da hunturu ya shigo kuma fentin ya dinga ɓarewa. Wanda ya taɓa gyara tasa ya taimaka.

Kafinta: Wa alaikumus salam. Kafin fentin, kana shafa mata mai?

Ɗan Baushe: Man kaɗe, shekara da shekaru.

Kafinta: To nan gizo ke saƙar. Icen da ya sha maiƙo ba ya riƙe fenti. Da na gyara ta wana, ƙarfen na fara cirewa, na kankare tsohon fentin, na ajiye ƙotar a hantsi. Maiƙo ya dinga tsattsafowa ina gogewa da tina, wato ruwan tsinka fenti, kwana uku ina abu ɗaya. Sannan sandfefa mai lamba 120, na bi da 220, na yi shafen shimfiɗa, wanda ake fara yi don fenti ya kama, na ɗora fenti siriri sau uku, kowanne sai ya bushe. Shafe ɗaya mai kauri shi ne ke tsagewa.

Na Gefen Daji: Maganar santsi, ni yashi ya raba ni da ita. Na tankaɗe yashin rafi, na shafa gam ɗin Araldite, na barbaɗa, da ya kame na bi da fenti. Sai dai karon farko zalama ta sa na yi wa ƙotar gaba ɗaya, har inda kunci ke kwanciya. Harbi ɗaya, kumatuna kamar an goga dutsen niƙa! Mai ɗakina ta yi mako tana dariya. Yanzu wuri biyu kawai nake yi, mariƙin dama da inda hagu ke tallafa, sauran in rufe da salatif. Garin katako ya fi yashi sauƙi a tafin hannu, amma ya fi saurin cinyewa.

Tsohon Maharbi: Ku yara da fenti. Tawa maɗaci ce, man linsid, man shafa wa katako mai bushewa, kaɗai ta sani: ɗigo kaɗan a tafi, in murza har icen ya ɗau ɗumi, in goge ragowar, in bar ta kwana biyu, in sake. Man gyaɗa kada ka soma, ba ya bushewa, sai ɗoyi da tururuwa. Tsumman linsid kuwa a baza shi a waje. In aka dunƙule shi yana iya kamawa da wuta da kansa.

Na Gefen Daji: Gaskiya ne Baba, amma mu masu kwana cikin raɓa sai da fentin. Ɗan Baushe, kada bushewar sama ta ruɗe ka. Na taɓa fita da tawa washegari, shatin yatsuna na nan a jiki har yau. Ka ba ta mako guda.

Ɗan Baushe: Allah ya saka da alheri. Na ajiye ta a hantsi tun safe, maiƙo sai fitowa yake kamar ana tuya.