Yara 70, ba fenti ba takarda: mi za mu koya musu?

Malamar aji huɗu, Mabera: Assalamu alaikum malamai. An ba ni darasin zane da aikin hannu zangon ga, yara sun kai 70, kuma ko kwalin kala ɗaya babu a makaranta. Don Allah a taimaka min da dabara.

Malami daga Wamakko: Wa alaikumus salam Malama. Kada ki jira kala. Ki jiƙa ƙaro ya kwana, ki daka gawayi ya yi laushi ki tankaɗe, ki haɗa, ga tawada nan irin ta allo. Ja kuma zoɓo, rawaya gangamau. Alƙalami su fiƙe da kansu daga kara. Ranar da munka yi, na ɗiga ruwan kanwa cikin zoɓo ya koma kore-kore, na ɗiga a gangamau ya yi ja, ajin ya kaure da ihu. Wani yaro da bai taɓa ɗaga hannu ba shi ya riƙa tambaya ko toka ma za ta yi. Ta kuwa yi.

Malamar aji huɗu: Ikon Allah! To takarda fa?

Malami daga Wamakko: Kwalin taliya da na sabulu, a buɗe a juya bayansu. Masu shaguna suna bayarwa.

Malamar Islamiyya, Runjin Sambo: Ni shawarata ki kula da abin da za su zana. Na taɓa sa yara zana doki, washegari wani uba ya zo da littafin a hannu, ransa a ɓace, kan surar mai rai. Tun daga nan na koma zayyana irin ta allon sauka, da dagin Arewa, da zanen lalle. Ba mai ƙorafi, kuma wallahi sun fi koyon awo da daidaita hannu a nan.

Tsohon hedimasta: 'Yata, ki ji wanga magana ta Malama. Ƙari a kai, ki je wurin dukawa ki roƙi guntayen fata da suke zubarwa. Yara su taɓa, su shinshina, ki gaya musu fatar jan akuyarmu ce, da bagaruwa anka jeme ta, da karan dafi anka rina. Ita ce fatake sunka riƙa ƙetare Sahara da ita, har Turawa ke kiranta fatar Maroko. Yaron Sakkwato bai kamata ya gama firamare bai san wannan ba. Su ɗinka 'yar jaka ko gidan alƙalami, amma basilla ta tsaya hannunki ke kaɗai.

Malamar aji huɗu: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma.

Wata uwa, Arkilla: A yanka kuɓewa ko albasa gida biyu, a tsoma cikin tawada a buga a kwali. Ƙanana na son shi sosai. Sai dai a gaya mana tun ana gobe su zo da tsohuwar riga, zoɓo da gangamau ba su fita daga farin yadi da sauƙi.

Malami daga Wamakko: Gaskiya ne Hajiya. Kuma Malama ki raba su goma-goma, kowane rukuni da kaskonsa, in ba haka ba rabin darasin zai tafi a rabon faɗa. Aikin yumɓu ki bari sai zafi ya sauka, yanzu kafin su gama murzawa ya tsage.

Malamar aji huɗu: Laraba in sha Allah da tawada zan fara. Ƙaro na nawa zai ishi yara 70?