Wai me za mu kira "watafuruf" da Hausa?

Jama'a ku zo mu warware wannan, tun shekaranjiya abin ke cina. Yayata ce ke gyaran banɗakinta, an sa tayil an sa shawa saura fitila, ta ce in raka ta kasuwa. Duk shagon da muka shiga sai a ce Hajiya wannan watafuruf ce, wato ruwa ba ya shigarta, waccan ma watafuruf, har wata mai ramuka a gefe da ɗan yatsa zai shiga wai ita ma watafuruf. Kalmar ta zama buhu, kowa na zuba abin da ya ga dama a ciki, alhali maganar wuta ce da ruwa a ɗaki ɗaya, mutum tsaye ba takalmi ƙafarsa a jiƙe, wutarmu kuma bolt 230 ce.

Mai wayarin ɗin gidan ne ya ce mata Hajiya ki bar abin da baki ya faɗa, ki duba kwali ki nemi IP da lambobi biyu a gabansa. Lamba ta farko ta ƙura ce da tarkace, daga 0 zuwa 6, ta biyu ita ce ta ruwa. IP20 ba ta jure ruwa sam, ta falo ce. IP44 tana jure fantsama daga kowane ɓangare. IP65 ƙura ba ta shiga kuma ko an fesa mata ruwa da tiyo lafiya lau. IP67 har nutsewa take yi, zurfin mita 1 na minti 30. Kun ga ashe hawa-hawa ne, kalma ɗaya ba za ta ɗauke su duka ba.

Na fara tunanin "mai hana ruwa shiga" amma ya yi tsawo, ba wanda zai tsaya a shago yana jan wannan. Wani abokina ya ce "ba-ka-jiƙa", na ce a'a ai tana jiƙa, cikinta ne ruwan ba ya kaiwa. Ni dai wadda ta kwanta min ita ce "gagara-ruwa", don muna da irin ginin nan tun tuni, gagara-gasa, gagara-misali, gagarabadau, kunne ba zai ji baƙon abu ba.

Amma gagara-ruwa ita kaɗai za ta koma buhun da muke gudu, shi ya sa nake son a raba. IP44 mu ce mata "sha-yayyafi", IP65 "gagara-feshi", IP67 kuma "gagara-nutso". Sha-yayyafi ce ta fi min daɗi a baki wallahi, kuma da jin sunan ka san iyakarta, yayyafi ne ba mamako ba.

Kuma fa wankanmu ba irin na Turawa ba ne da ruwan ke tsayawa cikin baho ko bayan gilashi. A ƙa'idar wayarin ta Ingila sun raba banɗaki shiyya-shiyya, cikin baho sai fitila mai bolt 12 wadda ke jure nutso, samansa zuwa tsayin mita 2.25 da kuma santimita 60 na gefensa a ƙalla mai jure fantsama. Mu kuwa bokiti ne da moɗa, a watsa nan a watsa can, ga yara, ga tururin ruwan zafi da sanyin hunturu da ke taruwa a silin ya sa holda ta yi tsatsa, ga wankin bango ranar Asabar, don haka a ƙaramin banɗaki ni ina ganin duk ɗakin ma wurin feshi ne.

A ƙarshe Yaya ta ɗauki gagara-feshi guda ɗaya mai faɗi kamar faranti ta manne a silin, sai sha-yayyafi biyu a gefen madubi dama da hagu don kar inuwa ta faɗo a fuska in ana kwalliya, masu haske 3000K mai ɗan ruwan ƙwai wanda ba ya kashe ido kamar farin nan fat na 6500K. Makunni kuma a waje bakin ƙofa aka sa shi. Jiya da mai wayarin ya zo ɗaurawa na ji da kunnena tana ce masa Malam sha-yayyafin nan a ɗaga su sama kaɗan, bai ko tambaye ta me take nufi ba ya ɗauko tsani.