Basfar Baba ta shekara goma sha biyu a zaure, ta ina zan fara?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Marigayi mahaifinmu ya bar Vespa Super 150, irin mai ƙananan tayoyin nan inci 8. Tun rasuwarsa take jingine a zaure, kaji har ƙwai suke yi a kan matakinta. Ina so in tashe ta, amma da ɗan zamani: fitilar LED, birkin faifai a gaba, baƙin fenti, in kuma ɗan yanke bayanta ta yi siriri. Jiya na taka kik, injin yana juyawa. Ku ba ni shawara.

Wani bakanike daga Kano: Wa alaikumus salam. Ƙanina, kada ka sake taka ta. Juyawar ba ta nufin lafiya. Injin tu-sitirok da ya daɗe a ajiye, robobin oyil sil na karanshaf ne ke fara bushewa. Sai ta riƙa zuƙar iska ta gefe, mai ya yi ƙaranci, fistan ya yi zafi ya kame kana tsakiyar titi. A sauke injin a buɗe, a canza sil da boris, a wanke kabureta, a leƙa tanki da tocila saboda tsatsa. Kuma ita ba ta da famfon baƙin mai, kai za ka haɗa da hannu: mililita 20 na 2T, wato baƙin man injin tu-sitirok, a kowace lita ta fetur. Ba na mota ba.

Mai gyaran wayarin: LED ba za ta zauna a kan wutar da take da ita ba. Volt 6 ce, kai tsaye daga magneto, ƙiftawa kawai za ta yi ta yi. Ka sa kit na volt 12 mai CDI (akwatin da ke ba fulogi wuta) da regulato mai daidaita wuta, ka huta da goge kontak. Wannan zamanin kam na goyi baya.

Wani dattijo: Allah ya jiƙan mahaifinka. Yaro, yanka ne ban yarda ba. Basfa ba ta da firam irin na Jincheng, jikin nan da kake gani shi ne ƙashin bayanta. Ka yanke, ka raunana ta. Gara ka ɗaga robar mataki ka ƙwanƙwasa ƙarfen, nan ruwa ke kwanciya.

Bakaniken: Gaskiyar dattijon nan ce. Birkin faifan ma sai ka canza fok, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, gaba ɗaya ka koma inci 10, tsayuwarta ta sauya. Sabon takalmin birki da sabuwar wayar birki sun isa yawon gari. Kayan Bajaj na Indiya da yawa suna shiga, amma ka tafi kasuwa da tsohon a hannu ka gwada.

Mai tambaya: Na gode. Na fasa yankan. Fentin fa? Nata shuɗi ne, duk ya koɗe.

Dattijon: Tambayi mahaifiyarka tukuna. Ita aka riƙa ɗauka a baya.