Ina zan yi binciken namun daji ba tare da na yi nisa da Kano ba?

Ɗan Kabuga: Assalamu alaikum. Ina ajin ƙarshe a BUK, fannin nazarin halittu. Burina in yi aiki kan namun daji a inda suke rayuwa, ba na keji da ke gidan zu ba. Mahaifiyata ta ce kada in yi nisa. Ina kuke ba ni shawara?

Malam na Gwale: Wa alaikassalam. Dajin Falgore ne kusa, amma fara tambayar yanayin tsaro. Ni dai Yankari na fi so maka. A 1991 ta zama gandun dajin gwamnatin tarayya, a 2006 ta koma hannun jihar Bauchi. Giwayenta na cikin kaɗan da suka rage a Najeriya, har ana ɗaura wa wasu na'urar bin sawu a wuya don a san inda suke kiwo, a kuma gargaɗi manoma kafin su faɗa gonaki.

Hajiya 'Yar Fagge: Ɗana, kada ka raina tsuntsaye. Fadamun Haɗejiya da Nguru suna cika da baƙin tsuntsaye daga Turai lokacin hunturu, ƙidayarsu kuma ba ta cin kuɗi sosai.

Ɗan Kabuga: Na gode, Hajiya. Gobe zan kai wa malamina maganar Nguru.